Kofin Kalkata da Adawar Ingila da Sikotilan

Tun ranar 27 ga Maris 1871, sa'ad da mazaje ashirin na Sikotilan suka tari ashirin na Ingila a filin Raeburn Place na birnin Edinbara suka rinjaye su, wanda shi ne karon farko da ƙasa ta kara da ƙasa a wasan zari-ruga, wutar adawar maƙwabtan nan ba ta gushe tana ruruwa ba. Amma abin da ya fi ƙayatar da ni cikin al'amarin shi ne asalin kofinsu, domin lokacin da ƙungiyar zari-ruga ta Turawan Kalkata ta Indiya ta watse saboda ƙarancin 'yan wasa, sai suka narkar da kuɗin azurfar da ya saura a baitulmalinsu, maƙeran ƙasar suka ƙera kofi mai mariƙai uku da siffar gamsheƙa, da giwa tsaye bisa murfinsa. A 1879 aka fara takara a kansa, aka tashi canjaras. Haka kuma aka yi a 2019 a Twickenham, alhali Ingila ta riga ta yi gaba da maki 31 da babu, Sikotilan ta farfaɗo, aka ƙare 38 da 38.