Murar 1918: annobar da ta zo a jirgin ruwa, ta hau jirgin ƙasa

Lokacin korona, mutane da yawa sun kira mu a gidan rediyo suna cewa ba a taɓa ganin irin wannan abu ba tunda aka yi duniya. To, an taɓa gani, kuma wanda ya wuce ya fi muni nesa ba kusa ba. Shekara ɗari da biyu kafin korona, a 1918, an yi wata mura da ta kashe mutum wajen miliyan 50, fiye da waɗanda Yaƙin Duniya na Farko ya ci.

Ana ce mata murar Spain, amma ba can ta fara ba. Ƙasashen da ke yaƙi, Faransa da Ingila da Jamus da Amurka, sun hana jaridunsu faɗin labarin don kada zuciyar sojoji ta karaya. Spain ba ta cikin yaƙin, jaridunta suna rubuta abin da suka gani, har da rashin lafiyar sarkinsu Alfonso na 13. Sai duniya ta laƙa mata sunan. Wanda ya faɗi gaskiya shi aka ɗora wa laifin.

Ƙwayar mura ba ta da ƙafa, mutane ke ɗaukarta. Tana fita cikin tari da atishawa da numfashi, kuma mutum yana iya ba wani tun kafin shi kansa ya kwanta. A watan Maris na 1918 aka ga ta kwantar da sojoji da yawa a wani bariki a Kansas, cikin Amurka. Daga nan jiragen ruwa masu kai sojoji Turai suka yi mata jigila. Zuwan farko bai yi kisa sosai ba. Na biyu, daga watan Agusta, shi ne ya yi ɓarna, kuma abin mamaki samari da 'yan mata masu ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, su ta fi ɗauka.

A nan Afirka ta Yamma, ta ƙofar Freetown ta shigo. Ranar 15 ga Agusta 1918 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Mantua ya tsaya can ɗaukar gawayi, cike da ma'aikata marasa lafiya. Leburorin gari suka yi lodi suka koma gidajensu. Kafin mako biyu tashar ta kusa tsayawa don babu masu aiki. A tsakiyar Satumba cutar ta sauka Legas. Daga nan ta samu abin da annobar zamanin kakanni ba ta da shi: layin dogo, wanda ya iso Kano 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Tafiyar da fatake ke yi wata da watanni, cutar ta yi ta cikin kwanaki. An ƙiyasta mutum wajen dubu 500 suka mutu a Najeriya.

Ku tuna a lokacin Zinder ce babban birnin ƙasarmu, ƙarƙashin sojojin Faransa, kuma hanyar Kano ita ce jijiyar kasuwancinmu. Iyakar da Turawa suka zana ba ta hana ayari wucewa, balle tari. Ga mutane ba su gama farfaɗowa daga yunwar 1913 zuwa 1914 ba. Babu allurar rigakafi, babu maganin da ke kashe ciwon huhun da ke biyo bayan murar, kuma ko a Turai likitoci ba su san ainihin ƙwayar ba sai a 1933.

To me hukumomi suka yi? Nan ne labarin ya fi amfani gare mu.

A Amurka, birnin Philadelphia ya shirya babban fareti na tara kuɗin yaƙi ranar 28 ga Satumba. Likitoci sun ce a fasa, hukuma ta ce a yi. Mutum wajen dubu 200 suka cika titi. Bayan kwana uku gadajen asibitocin birnin duk sun cika. Shi kuwa birnin St. Louis, da wuri ya rufe makarantu da coci-coci da gidajen kallo, ya hana taro. Mace-macensa ba su kai ko kusa da na Philadelphia ba. Amma da ya yi gaggawar buɗewa, cutar ta dawo, dole ya sake rufewa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Samoa, wasu tsibirai a tekun Pasifik. Mutane iri ɗaya, harshe ɗaya, amma mulki biyu. A Samoa ta Yamma, da ke hannun New Zealand, an bar wani jirgi mai suna Talune ya sauke fasinjoji ranar 7 ga Nuwamba 1918, alhali akwai marasa lafiya a ciki. Cikin 'yan makonni mutum wajen 8,500 suka mutu, fiye da ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. A ɗaya ɓangaren da ke hannun Amurka, gwamna John Poyer ya rufe tashar ruwa, kuma sarakunan gargajiya suka kama masa, su da kansu suke tsaron gaɓa. Ko mutum ɗaya cutar ba ta kashe musu ba. Sai a 2002 shugabar gwamnatin New Zealand, Helen Clark, ta je ta nemi gafara.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko mai korona a Nijar. Gwamnatin Issoufou Mahamadou ta rufe iyakoki da filayen jirgi na Yamai da Zinder, ta rufe lakwal da masallatai, ta killace Yamai tare da dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Idan aka auna da 1918, an yi sauri. Amma duk mun san abin da ya biyo baya: tarzoma a Mirriya, ƙone-ƙonen taya a unguwannin Yamai dab da azumi, da masu cewa cutar ta Turawa ce ko ta masu kuɗi. Har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu da ita a farkon watan Mayu, wasu ba su yarda ba. Ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe masallatai.

Ni ina ganin abin da ya raba mu da Samoa ta Amurka ba ƙarfin doka ba ne. Can an fara da sarakuna, jama'a suka riƙi dokar kamar tasu. Nan kuwa talaka ya wayi gari ya ji a rediyo an rufe masa masallaci, an hana shi fita neman na tuwo, kuma babu wanda ya gaya masa abin da yaransa za su ci. Mai kabu-kabu da mai tuyar ƙosai ba su da albashin ƙarshen wata. Mu ma 'yan rediyo muna da namu laifin: mun yi ta karanta sanarwa da adadin waɗanda suka kamu, ba mu zauna mun bayyana yadda tari ɗaya a cikin mota ke kai cuta daga Ɗan Isa zuwa Dakoro ba.

Allah ya taimake mu, korona ba ta yi mana ɓarnar da aka ji tsoro ba. Sai dai masana lafiya sun daɗe suna cewa wata annobar za ta sake zuwa, kuma yau jirgin sama ke ɗauko ta. In ta zo, wanda ya ɓoye labari ya taimaki cutar, wanda ya makara da mako ɗaya ya biya da rayuka, kuma dokar da ba a yi shawararta da malamai da sarakuna da 'yan kasuwa ba, a takarda za ta tsaya.

Masu tsofaffi a gida, ku tambaye su ko sun ji iyayensu na maganar wata shekarar mura, da sunan da ake kiranta a garinku. Ku aiko mana, mu haɗa kafin labarin ya ɓace. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mu da zuri'armu.