Daga Ɗankon Gamji Zuwa Bushin A-kori-kura: Tarihin Robar da ke Ƙarƙashin Motarka

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako domin waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Wani mai bibiyarmu, direban a-kori-kura da ke ɗaukar kaya daga masana'antun Sharaɗa zuwa kasuwar Singa, shi ya aiko da tambaya. Ya ce sau biyu ke nan cikin shekara guda yana sake bushin sifirin na baya. Da ya koma Ƙofar Ruwa sai mai shago ya ajiye masa iri biyu: baƙi na roba wanda ya saba da shi, da wani ja mai tauri kamar ƙaho, ya ce wannan ba ya mutuwa. To wanne zai ɗauka? Kuɗin mako guda ne a hannunsa, kuma idan mota ta kwana a gareji gida ba a ɗora tukunya.

Za mu ba shi amsa, amma sai mun bi ta tarihi, domin robobin nan biyu kowacce da hanyar da ta biyo ta iso Kano.

Da farko, mene ne bushi? Ka leƙa ƙarƙashin Hilux ko tsohuwar Fijo, ka dubi inda sifirin ya haɗu da ƙashin mota. A cikin idon sifirin akwai wata 'yar roba mai rami da noti ya ratsa ta. Ita ce ke hana ƙarfe cin ƙarfe, ita ke shanye girgizar hanya kafin ta kai bayan direba. Ba ta kai dunƙulen hannu ba, amma idan ta cinye sai ka ji mota na ƙwanƙwasa, tana karkata a kwana, taya na cin gefe ɗaya.

To bari mu fara da baƙar. Mutanen ƙasar Hausa sun san ɗanko tun kafin mota ta zo. Ana sassaƙar jikin gamji, farin ruwansa ya fito, a dafa shi ya daskare. Turawan ciniki sun saye shi a zamanin mulkin mallaka, har ya shiga littattafansu da sunan jan ɗankon Kano. Sai dai ɗankon gamji ba shi da talewa irin wadda taya ke so, don haka a ƙarshe cingam aka fi yi da shi. Robar mota daga wata bishiya take, 'yar asalin dajin Amazon a Barazil.

Ita ma wannan da farko ba ta da wani amfani sosai: rana ta buga ta narke ta yi yauƙi, sanyi ya zo ta ƙage. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa idan aka gasa ta da farar wuta takan tsaya da halinta, zafi ko sanyi. Daga baya aka koyi zuba mata wani baƙin gari mai kama da kunkunniya domin ƙarin ƙwari, shi ya sa taya da bushi suke baƙaƙe. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi irin bishiyar kusan 70,000 daga Barazil zuwa lambun Kew a Landan, daga nan aka kai dashe Asiya, Malaya ta zama uwar roba ta duniya. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa roba ana tsakiyar yaƙi, sai ta matsa wa ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma su taso ta. Gonakin roba na yankin Benin da Sapele sun ƙara bunƙasa a wannan lokaci.

Ita kuwa jar, sunanta foliyuretan, kuma ba daga bishiya take ba. Wani masanin haɗa sinadarai na Jamus, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa suka haɗa ta a 1937 a garin Leverkusen, daga sinadaran da yau ake samu a man fetur. Kada sunan ya ba ka tsoro, wataƙila a kanta ka kwana jiya. Katifar soso ita ce foliyuretan da aka hura wa iska ta kumbura. Kamfanin Vitafoam yana da masana'anta a nan Kano, ita kuwa Mouka asalinta daga masana'antar iyalan Moukarim ce da aka kafa a Kano a 1959. In an hana sinadarin kumbura, aka zuba shi a mazubi ya daskare, shi ne jan bushin da aka nuna wa direbanmu. Launin ja ko ruwan ɗorawa ko shuɗi rini ne kawai, ba shi ke nuna inganci ba.

Yanzu sai mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, motocin ɗaukar kaya suka shiga ƙauyuka suna kawo buhuna bakin tasha. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko, tun zamanin Turawa, kusa da layin dogo. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, sai Sharaɗa da Challawa suka biyo baya: masaƙu, majemu, kamfanonin alawa da biskit, da na bokiti da takalman roba. Duk abin da aka ƙera a wuraren nan, babbar mota ce ke kai shi nesa, amma a-kori-kura ce ke raba shi lungu-lungu, Kwari da Sabon Gari da Kurmi.

A wannan zamani Najeriya na haɗa motocinta. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, daga can a-kori-kura 404 da 504 suka cika hanyoyin Arewa. A Kano kanta akwai kamfanin NTM da ke haɗa manyan motocin Fiat, a Bauchi ga Steyr. Michelin na yin taya a Fatakwal, Dunlop na yi a Ikeja. Ma'ana, mai mota yana iya zuwa wurin dilan kamfani ya sayi kayan gyara na asali, da Naira mai daraja.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP aka karya darajar Naira, abubuwa suka juya. Kayan da masana'antu ke shigowa da su suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, kowane kamfani sai da janareta. Masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka kulle ƙofa, wasu suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta daina yin taya a 2008. Ƙasar da ke noman roba ta koma sayar da ɗanye tana sayo ƙerarre. Motoci 'yan Kwatano suka maye gurbin na Kaduna, kayan gyara suka zama aji-aji: na asali, na gwanjo, da jabu mai kwali irin na asali.

Makanikanmu ba su naɗe hannu ba. Kamar yadda ake yanka tsohuwar taya a yi takalmi, a yi guga da tsohon tub, haka ake fafe bushi daga tayar babbar mota da wuƙa mai kaifi. Yana fitar da mutum kunya a hanya, amma awonsa na ido ne, ba ya zama daram.

To ka ga, ɗan'uwa direba, bushin da ke mutu maka duk wata shida wataƙila ba laifin roba ba ne a matsayinta na roba. Laifin irin robar da kasuwa ta koma sayarwa ne. Kafin ka yanke hukunci, ga yadda kowanne ke aiki.

Bushin roba ba ya juyawa a kan ƙarfe. Yana kama ƙarfen ne gam, idan sifirin ya motsa sai robar ta murɗe a cikin jikinta ta dawo. Shi ya sa ba ya son giris, ba ya ƙara, kuma ƙura ba ta da inda za ta shiga. Maƙiyansa uku ne: baƙin mai da ke ɗiga a kansa ya kumbura shi, zafi irin na watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da shi ya tsattsage, da lodin da ya wuce kima. Akwai na huɗu, wanda a gareji ake jawo shi: ɗaure noti tamau alhali mota na rataye a kan jak. Idan aka sauke ta, robar ta riga ta murɗe tun ba a ɗora kaya ba. Ka sa a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta tukuna, sannan a ƙarasa ɗaurewa.

Shi kuwa foliyuretan ya fi tauri, mai ba ya cin sa kamar roba, yana riƙe mota ta daina lilo idan an yi lodi. Amma ba ya murɗewa sosai, gogawa yake yi a kan bututun ƙarfen da ke cikinsa, don haka dole sai da giris, kuma irin wanda aka yi dominsa. A nan Kano ta shigo. Idan hunturu ya kama, ko ka bi hanyar da kwalta ta farfashe, ƙura kan haɗu da giris ta zama kamar yashin goge tukunya. Giris ya bushe, ka fara jin ƙiiƙii, ramin ya buɗe. Sannan girgizar da roba ke shanyewa, shi miƙa ta yake yi ga noti da walda da ƙugun direba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da nake so a riƙe shi ne: bushi an yi shi ne domin ya mutu a madadin ƙarfe. Wanda aka ce maka ba ya mutuwa, tambayi mai shago me zai mutu a madadinsa. Sauya roba aikin yini ne, amma idan kunnen da ke riƙe sifirin ya tsage daga ƙashin mota, sai mai walda, sai kwanaki ba aiki.

Saboda haka ga shawarata. Idan za ka samu bushin roba na asali daga wurin wanda ka amince da shi, ɗauke shi ko da ya ninka kuɗi, ka toshe yoyon mai, ka rage lodi. Idan kuwa kullum motarka cike take maƙil, kuma kai mutum ne da zai iya kwance shi lokaci-lokaci a wanke a sa sabon giris, to foliyuretan zai yi maka aiki a idon sifirin na baya. Wanda ya san ba zai kula da shi ba, kada ya saya don launi.

Tsofaffin makanikai da suka yi zamanin 404, muna son jin ta bakinku: bushin wancan lokaci shekara nawa yake yi? Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya tsare direbobinmu a hanya, Ya sa albarka a nema. Mu kwana lafiya.