Masanawa da Kushewar Ɗan Marina

Duk wanda ya shiga birnin Katsina ya tambayi waliyyan gari, sunaye uku za a fara kawo masa, watau Ɗan Marina, da Ɗan Masani, da Ɗan Takum. Biyun farko mawaƙa ne kuma masu wallafa littattafai, su ne abin zancenmu a nan.

Ɗan Marina sunansa Muhammadu ɗan Sabbagu, ma'anar Sabbagu kuwa da Larabci marini. Mutanen Katsina suna da hikaya mai ban mamaki game da haihuwarsa. Sun ce uwarsa ta rasu da cikinsa, aka haife shi a kabari, wani marini ya ɗauke shi ya rene shi. Wannan dai hikaya ce. Abin da ya tabbata shi ne waƙoƙinsa na Larabci, har da wadda ya yi wa Mai Ali na Barno sa'ad da ya ci Kwararrafa da yaƙi. Almajirinsa Ɗan Masani, wanda asalin iyayensa Barno ne, an haife shi a 1595, ya rasu a 1667. Shi ya yi sharhin Ishiriniya, waƙar yabon Annabi da ake rerawa a ƙasar Hausa har gobe, kuma ya rubuta wa malaman ƙasar Yarabawa amsar tambayoyinsu. Unguwarsa ita ce Masanawa. Maƙabartar da ke ɗauke da sunan malaminsa kuwa, nan aka rufe Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010.

To, ka ga suna ya wanzu shekara fiye da 350, amma ginin ƙasa ba ya da irin wannan rai. Soron da aka ɗora da tubali da azara, in aka bar shi damina biyu ko uku ba yaɓe, sai indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, gara ta shiga azara, wata rana a wayi gari ya rufta. A zamanin da ba a kafa asusu domin wannan aiki. Da bazara ta yi sai mai unguwa ya kira gayya, samari su haƙo ƙasa su kwaɓa, magina su hau, mata su dafa tuwo, masu ziyara kuma su ajiye sadakarsu. Yanzu gayya ta yi rauni, magina na ƙasa sun ragu, kuma mai hali in ya tashi taimako siminti da kwano ya kan kawo. Niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai sau da yawa gyaran nan nasa shi ke shafe kamannin wuri, har jikan mai gida ya kasa nuna inda kakansa ya zauna ya ba da karatu.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. An kafa dokar tsare kayan tarihi a 1953, kuma tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta shiga hannun Gwamnati, yau gidan ajiye kayan tarihi ce. Hasumiyar Gobarau ma an sha yi mata gyara, shi ya sa take tsaye. Amma unguwa ba hasumiya ba ce. Mutane ne a cikinta, ana gado, ana rabo, ana sayarwa, babu dokar da za ta hana magaji rushe zauren da ya faɗo cikin kasonsa in ba a biya shi ba. Saboda haka kuɗin da za a tara, kafin a kai ga ladan magina, sai an fara da fansar irin waɗannan zauruka, da ɗaukar hoton takardun da ke cikin gafakar zuriya.

Mutanen Kankara da Faskari da Sabuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Kusa da su, wajen Tsafe, akwai 'Yandoto, garin malamai wanda ɗalibai suka riƙa nufa daga nesa, har Muhammadu Bello ya ci shi da yaƙi a farkon jihadi, malamansa suka watse da abin da ya tsira na littattafansu. Matafiyin da ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya kan wuce wurin a mota bai ko waiwaya ba.