Idan Fuskar Waya Ta Kumbura Ta Ƙi Komawa Daidai: Dalili da Mafita

A unguwar Nukkai da ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kusa da gadar nan ta hanyar Wukari, wani kawuna ya yini biyu bai amsa kira ba. Wayarsa na ƙara a hannunsa, amma agogo kaɗai ya cika fuskarta, madannin amsa kira kuwa ya ɓace. Mai gyaran da ya fara kai wa ya ce sai an yi mata filashin, wato a goge duk abin da ke cikinta. Da ya yarda, da lambobin abokan cinikinsa na shekaru sun salwanta a kan abin da yatsa ɗaya ke gyarawa cikin daƙiƙa biyu.

Wannan ba lalacewa ba ce. Wani tsari ne da kamfanoni suka saka da gangan domin masu raunin gani, wanda ke aiki kamar gilashin ƙara girman rubutu. Kamfanin Apple ya fito da nasa a 2009 tare da iPhone 3GS, ya kira shi Zoom. Google ya saka irinsa a manhajar Android 4.2 a 2012, da sunan Magnification. Buƙatarsa ba ƙarama ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke fama da matsalar gani na kusa ko na nesa. Matsalar tana tasowa ne idan tsarin ya kunnu ba da sanin mai waya ba: yaro ya yi wasa da saiti, ko an sayi waya ta hannu wadda mai ita na farko ya bar shi a kunne.

A wayoyin Android

Mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a a Najeriya, irin su Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, da Samsung da Redmi, duk Android suke amfani da ita. Alamar da ke tabbatar da cewa tsarin ne ya kunnu ita ce wani siririn layi mai launi, galibi ruwan lemo, da ke zagaye gefen sikirin.

Matakin farko shi ne a taɓa tsakiyar sikirin da yatsa ɗaya sau uku a jere, da sauri. Saurin nan shi ne sirrin, domin idan aka yi jinkiri tsakanin taɓawa, wayar za ta ɗauke su a matsayin taɓawa uku daban-daban. Kada kuma a yi a kan madannan rubutu ko layin madannan ƙasa, domin a nan ba ya aiki. Idan hakan bai yi ba, wataƙila ta wata hanya aka kunna shi. A duba ƙasa ko gefen sikirin ko akwai ɗan hoton mutum mai buɗaɗɗun hannuwa ko na gilashi, a taɓa shi. In babu, a danne madannan ƙara sauti da rage sauti tare na 'yan daƙiƙoƙi.

Ko da sikirin bai koma daidai ba, ba a rasa hanyar tafiya a cikinsa. Ana ɗora yatsu biyu a ja su zuwa ɓangaren da ake son gani, ana kuma matse su wuri ɗaya domin rage girman. Da haka ake lallaɓawa har a isa Settings, a shiga Accessibility, a nemo Magnification, a kashe gajeriyar hanyar kunna shi. Wurin da yake ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani; a Samsung yana ƙarƙashin sashen inganta gani. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta sunan a akwatin bincike da ke saman Settings. Kashe waya a sake kunna ta yakan dawo da sikirin daidai, sai dai ba ya cire tushen matsalar, gobe ma za ta iya dawowa.

A iPhone

A nan yatsu uku ake haɗawa, a taɓa sikirin sau biyu da sauri. Da yatsu ukun kuma ake ja domin matsawa gefe. Girman na iya kaiwa ninki 15, shi ya sa wani lokaci harafi ɗaya kan cika fuskar wayar baki ɗaya. Bayan ta dawo, sai a shiga Settings, sannan Accessibility, sannan Zoom, a kashe shi.

Akwai haɗarin da ya kamata a yi hattara da shi. Idan abin ya faru waya tana kulle, kada a riƙa danna lambobin sirri da ka alhali ba a ganin su sosai. Kuskure a jere yana sa iPhone ta kulle kanta na wani lokaci, kuma idan mai ita ya kunna tsarin goge bayanai, kuskure na 10 zai share komai. Idan yatsu uku sun gaza, ana iya jona wayar da kwamfutar da ta riga ta amince da ita, a kashe Zoom ta manhajar iTunes ko Finder.

Abubuwan da ke kama da shi

Idan rubutu da hotunan manhajoji sun yi girma amma komai na nan a wurinsa, babu abin da ya ɓace a gefe, to girman rubutu ko girman nuni aka canza, kuma a sashen Display ake mayar da shi. Idan kuwa wayar na magana, tana zagaye duk abin da aka taɓa da akwati, kuma taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, wannan TalkBack ne a Android ko VoiceOver a iPhone, tsarin da aka yi wa makafi. A cikinsa taɓawa ɗaya zaɓe ce, biyu ce ke buɗewa. A wayoyin Android da yawa, danne madannan sauti biyu na daƙiƙa 3 yana kashe shi.

Sai dai akwai lokacin da laifin na na'urar ne da gaske. Sikirin da ya tsage, ko wanda laima ta shiga, ko wayar da ke jone da jabun caja, kan riƙa taɓa kansa ba tare da hannun kowa ba. A wuri irin Jalingo, inda damina ke da tsawo kuma jama'a da dama ke kai waya shagon caji, wannan ba baƙon abu ba ne. A cire caja, a goge sikirin da busasshen ƙyalle, a gwada cire gilashin kariya idan ya fashe. In har wayar ta ci gaba da motsi ita kaɗai, a nan ne zuwa wurin mai gyara ya zama dole.

Ko a nan ɗin ma, a cire layi da katin ajiya kafin a miƙa ta, kuma kada a bayar da lambar sirri matuƙar akwai manhajar banki a ciki. A ganina, duk mai gyaran da ya ambaci filashin kafin ya gwada taɓa sikirin sau uku, to ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya sani sarai.

Shi kuwa kawun nawa, bayan an kashe tsarin sai ya ce gaskiya manyan haruffan sun fi masa daɗin karantawa. Raunin ganin kusa yakan fara ne daga wajen shekara 40, kuma tabarau ne maganinsa. Kafin ya je a auna idonsa, an ƙara masa girman rubutu a sashen Display, inda lambobi ke girma ba tare da madannin amsa kira ya ɓace ba.