Siyasar Rano: Mutum Ake Bi ko Jam'iyya?

Mai karatu, dubi yadda mutanen Rano, har da na mazaɓar Zurgu, ke jefa ƙuri'a. A 2015 sun tura Kabiru Alhassan Rurum majalisar dokokin Kano a APC, har ya shugabance ta. A 2019 Rano, Kibiya da Bunkure suka kai shi majalisar wakilai. Da ya koma NNPP, suka sake zaɓensa a 2023. A 2025 sai ga shi ya dawo APC.

Ka ga ke nan mutum ake bi, kamar yadda ɗan kallo ke bin jaruminsa ko a fim ɗin wa ya fito. Sai dai fa talakan da ya dangwala wa kayan marmari, ba wanda ya shawarce shi kafin a sauya sheƙa.