Lissafin lakwal da lissafin kasuwa a Sokode

Jama'a masu saurare, na Komah da Didaure, na Dapaong har Sinkase, shirinmu na wannan mako ya bi sawun lissafin da yara ke koya a lakwal ta 'yan mishan.

A tsohon tsarin karatun Kirista na Turai fannoni bakwai ne, huɗu a cikinsu dangin lissafi: ƙidaya, awon fili, ilimin taurari, da kiɗa. I, har kiɗa, don da awo ake ɗaure tsirkiya. Babban amfaninsa ga coci shi ne gano ranar bikin Ista, mai bin tafiyar rana da wata. Sai dai da lambobin Romawa suke fama, babu sifiri. A rubuta, da sauƙi. A raba, aiki ja.

To, ina suka samo lambobin yau? Daga Indiya suka fito, suka biyo ta hannun Larabawa. Wani yaro ɗan Italiya, Fibonacci, ya koye su a Bijaya ta Aljeriya, inda ubansa ke aikin duwan na fataken garinsu. A 1202 ya rubuta littafi cike da lissafin canji, riba da rabon jari. Ku 'yan kan iyaka, sana'arku ce ta yi musu jagora.

Nan arewacin Togo kuwa, mishan a makare ta iso. A 1907 Jamus ta hana ta shiga yankunan Sokode da Mango. Katolika sun zauna Alejo a 1913, yaƙin 1914 ya katse musu hanzari. Sai 1937 Sokode ta zama yankin coci mai zaman kansa, Dapaong kuma 1960.

Ba su tarar da fili fayau ba. Tun kafin Bature, ayarin goro daga Kano zuwa Salaga na ratsa ƙasar Kotokoli, ana ƙirga wuri har keso, wato 20,000. Malaman zango na raba gado, rabi, sulusi, sumuni. Makiyayi ma ya san shanu 30 zakkarsu ɗan maraƙi ce.

Abin da lakwal ta ƙara shi ne rubuta lissafi a takarda da Faransanci, yadda ma'aikacin duwan zai karɓa. Amma ba ta ture ƙirgan kasuwa ba. Malam ya rubuta sefa 500 a allo, yaro ya je sayen nono, mai tallar ta ce masa dala ɗari.