Tarihin Kalmar "Thrive": Mene Ne Bunƙasa Ta Gaskiya?

 Yau za mu bi sawun wata kalma ta Turanci, watau "thrive", mu ga inda ta fito da yadda ake amfani da ita.

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da kalmar Bature? Ga dalili. A majami'u da yawa na Dutse da Kano ana yin wa'azi da Turanci, tafinta yana juyawa zuwa Hausa. Sa'ad da mai wa'azi ya ambaci wannan kalma, ko 'yar'uwarta "prosper", sau da dama sai tafinta ya ce, "Za ka yi kuɗi." Manomi da ya zo sujada da riga ɗaya sai ya koma gida yana tsammani Allah ya manta da shi. Kun ga ashe kuskuren fassara yana iya raunana bangaskiyar mutum. Saboda haka bari mu koma tushe.

Wannan kalma baƙuwa ce a Ingila. A shekara ta 793 waɗansu mayaƙan teku daga ƙasashen arewacin Turai, waɗanda ake kira Baikin, suka faɗa wa gidan masu ibada da ke tsibirin Lindisfan, suka washe shi. A 866 suka ci birnin Yok. A 878 Sarki Alfared ya yi nasara a kan shugabansu Gutrum, har Gutrum ya karɓi baftisma. Daga baya mutanen nan suka zauna a gabas da arewacin Ingila, suka kama noma, suka yi auratayya da mutanen ƙasar. Harshensu ya shiga cikin Turanci, kamar yadda mu ma muka karɓi "littafi" daga Larabci, muka karɓi "mota" daga Turanci.

A harshen waɗannan baƙi, tushen kalmar yana nufin cafkewa, ko kama abu da hannu a riƙe. Daga nan ne ma'anar ta miƙe zuwa ga abin da ya kama, ya yi ƙarfi, ya soma girma. Mu Hausawa ba za mu sha wahalar gane wannan ba, gama idan mun dasa itace, ya kwana biyu bai bushe ba, mukan ce, "Dashen ya kama."

To, ina aka fara ganinta a rubuce? Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren shi ne littafin wa'azi na wani mai ibada da ake kira Orm, wanda ya rayu a gabashin Ingila a ƙarni na 12. A zamaninsa ana karanta Bishara da Latin, talakawa kuwa ba sa ji. Sai ya zauna ya rubuta bayanin karatun da Turancin mutanen ƙauye. Littafin yana nan a ajiye a jami'ar Oksfod har yau. Da ya zo kan girman Yesu yana yaro, wanda Luka ya ba da labari a ƙarshen sura 2, sai ya yi amfani da wannan kalma domin ya nuna yadda yaron ya ƙaru cikin hikima da shekaru. 'Yan'uwa, ku lura da wannan ƙwarai. An yi amfani da kalmar a kan yaron da ya tashi a gidan masassaƙi, wanda iyayensa suka kai hadayar 'yan tsuntsaye biyu, irin wadda Doka ta yardar wa marasa hali. Babu maganar dukiya a wurin ko kaɗan.

Daga wannan tushe kuma aka sami kalmar "thrift". Da fari tana nufin wadata. Amma wajen ƙarni na 16 sai ma'anarta ta koma tattali da tanadi, domin mutane sun lura cewa gidan da yake bunƙasa shi ne gidan da ba a almubazzaranci. Shi ya sa har yanzu ƙungiyoyin ajiya da ba da rance, masu kama da adashen da Zumuntar Mata take yi, suke ɗauke da wannan suna a Turance.

Yanzu bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki. A juyin Turanci na Sarki Jemis, wanda aka buga a 1611, in ka duba Karin Magana 11:28 za ka tarar da kalmar "flourish". Ita wannan daga Faransanci ta shigo bayan da Nomawa na Faransa suka ci Ingila a 1066, tushenta kuwa fure ne. Amma juyin da ake kira NIV, wanda ya fito a 1978, ya sa "thrive" a wannan aya. Dukansu biyu suna ƙoƙarin fassara kalma ɗaya ce ta Ibrananci, "parak", wadda take nufin yin toho. Ita ce kalmar da aka yi amfani da ita a Littafin Ƙidaya sura 17, inda busasshen sandan Haruna ya yi toho a dare ɗaya. Abin mamaki kuwa shi ne, ayar nan ta Karin Magana ta ajiye mai dogara ga dukiya a gefe ɗaya, ta ajiye mai yin toho a ɗaya gefen. Yaya za mu fassara kalmar da "yin kuɗi", alhali ayar ta raba su?

Zabura 92 ta ƙara mana haske. A cikinta an yi amfani da wannan kalma a kan mugaye, an kuma yi amfani da ita a kan adalai. An kwatanta tohon mugaye da na ciyawa, na adalai kuwa da na itacen dabino. Mu mutanen Jigawa mun san su duka biyu. Ruwan fari yana sauka, kafin mako ya zagayo ciyawa ta rufe fili, amma da kaka ta wuce sai ta bushe, wuta ta cinye. Dabino fa? Ku tambayi masu lambu a Dutse, inda gwamnatin tarayya take da tashar binciken dabino. Sai an yi shekaru ana ban ruwa kafin a ga 'ya'yan fari, amma wanda ya dasa yakan ci, jikokinsa ma su ci. Kowannensu toho yake yi. Rani ne yake nuna bambanci.

Haka kuma aya ta 2 ta wasiƙar Yahaya ta uku, wadda masu wa'azin dukiya suke yawan ambata. Kalmar Helenanci da ke wurin an gina ta ne daga kalmomi biyu, "kyau" da "hanya". Gaisuwa ce irin ta masu rubuta wasiƙa a zamanin, kusa da yadda mukan ce wa matafiyi, "Allah ya kiyaye hanya." Ko kalmarmu ta arziki, wadda muka aro daga Larabci, ta fi kuɗi faɗi. Idan an ce wane mutumin arziki ne, halinsa ake yabo, ko da ba shi da ko akuya.

Ga 'yan makaranta da tafintoci, akwai wata ƙa'ida da ya kamata ku riƙe. A Turanci ba a cewa mutum ya yi wa gonarsa ko ɗansa "thrive". Abin ne da kansa yake yi. Kai dai naka shi ne ka gyara wuri, ka zuba taki, ka yi ban ruwa. Wannan ya tuna mana da koyarwar Bulus a 1 Korantiyawa sura 3, inda ya nuna aikin mai dashe da na mai ban ruwa, ya kuma bar girman a hannun Allah. Saboda haka in ana zancen shuka, tafinta ya ce ta yi yabanya. In yaro ne, ya ce yana girma cikin ƙoshin lafiya. In gari ne ko sana'a, ya ce ya bunƙasa ko ta haɓaka.

Likitoci ma suna amfani da kalmar. Sa'ad da aka kai jariri awo wata da watanni, nauyinsa bai ƙaru ba, da ita sukan rubuta cewa yaron ya kasa girma. A nan ne tarihin ya iso ƙofar gidanmu. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki. A lokacin Garki tana cikin Jihar Kano, gama sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Masu binciken suka tarar mafi yawan ƙananan yara suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu. A 1972 da 1973 aka yi ta fesa magani a bangon ɗakuna, a waɗansu ƙauyuka kuma aka riƙa raba wa jama'a ƙwayoyin magani. Cutar ta ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma ba a iya yanke ta ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne sauro da yawa a waje suke hutawa, ba sa sauka a bangon da aka fesa. Da aka daina aikin sai zazzaɓin ya komo. A 1980 aka buga littafin sakamakon binciken, masana a duniya suna amfani da shi har yau, sunan Garki kuwa ya shiga makarantun likitoci na ƙasashe masu nisa.

Me wannan ya koya mana? Taimakon da ya zo na ɗan lokaci yana da amfani, ya kuwa ceci rayuka, amma in ba a ci gaba da tattali ba sai ya zama kamar ciyawar damina. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi kowane wata a lokacin damina a ƙasashe irin namu. Iyaye mata, in masu rabon magani sun zo, ku karɓa, ku ba yaro har ya ƙare. Iyaye maza, gidan sauro na shimfiɗar yara ne, kada a mai da shi shingen lambu. Rigakafi ya fi magani. Ikkilisiyar da take addu'ar bunƙasa, 'ya'yanta kuwa suna kwana cikin sauro, ba ta gama aikinta ba tukuna.

Ɗan'uwana, in aljihunka babu kome, amma kana riƙe da Almasihu, kana ƙaruwa cikin hikima, gidanka yana zaman salama, kada wani ya ruɗe ka. Dashenka ya kama. In kuwa Allah ya ba ka dukiya, ka gode masa, ka yi tattalinta, ka tuna da gwauraye da marayu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, ka kafa saiwarmu cikin Maganarka. Ka raya 'ya'yanmu, ka ba tafintocinmu hikima su faɗi gaskiya daidai. Ka sa mu ba da 'ya'ya da damina da rani. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.